Mun Raine Ta Tana Ƙarama, Wa Zai Riƙe Makulli Idan Ta Girma?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san akwai masu karatun da za su ɗaure fuska da zarar sun ga kalmar giya. To bari in faɗi matsayina tun daga farko. Ban taɓa kai giya bakina ba, addinina ya hana ni, kuma ban ɗauki alƙalami don in yi wa kowa tallarta ba. Ni mai kiwo ne, ina da shanun tatsa 11 da 'yan maruƙa, kuma dusa ce ta jawo ni cikin maganar nan.

Shekara shida ke nan da wasu samari biyu suka kama hayar wani tsohon sito a bayan garkena, suka kafa ƙaramar masana'antar dafa giya, irin wadda mai ita ke tsayawa a kan tukunya da kansa, shi ke wanke tanki, shi ke ɗaukar buhu. Ba su yi wata guda da fara aiki ba sai babban cikinsu ya yi sallama a ƙofata, ya ce ko ina son dusa, don ta fi ƙarfinsu. Ban amsa ba sai da na je na ga yadda ake yin ta da idona. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar da shi, a ɓarza, a zuba cikin ruwan zafi na kamar awa guda har garin ya saki zaƙinsa. Daga nan a tace ruwan zaƙin a kai shi wata tukunya a tafasa. Yis ɗin da ke mayar da zaƙi barasa ba ya shiga sai ruwan ya huce, a cikin wani tanki dabam. Abin da ya rage a matata shi ne dusar, hatsi ne kawai da ruwan zafi, ba ta taɓa haɗuwa da yis ba. Da na gamsu sai na fara zuwa duk Talata da Juma'a da ganguna huɗu.

Wanda bai taɓa kiwo ba zai ɗauka alfarma suke yi mini. Alfarmar ta kowa da kowa ce. Duk lita 100 da aka dafa tana barin kimanin kilo 20 na jiƙaƙƙiyar dusa, kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, kuma in ana zafi kwana biyu zuwa uku ta fara tsami da wari. Babban kamfani yana da injin busarwa da motocin kwasa. Ƙaramin mai dafawa ba shi da kowa sai makiyayin da ke kusa. Ko a Amurka, a 2014, bayan hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fito da wani daftarin doka da masu dafawa suka ga zai tilasta musu busar da dusar da ɗura ta a buhu kafin su bayar, su da manoma suka yi ca tare har hukumar ta sassauta. Shanuna sun ƙara nono da wannan dusa, ni na sani, domin ni ke auna shi kowace safiya.

Na ga yadda unguwa ta ɗauki yaran nan a kafaɗa. Mai gyaran wutar da ya ja musu waya bai karɓi kuɗinsa ba sai bayan wata biyar. Mai walda ya gyara musu wani tsohon tanki da daddare, bayan ya tashi daga nasa aikin. Ranar da za a saurari buƙatarsu ta lasisi, maƙwabta sun bar harkokinsu sun je sun zauna a bayansu. A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe wuraren taruwa, akwai waɗanda suka biya kuɗin kayan wata uku tun kafin a dafa, don kada a sallami ma'aikata. Yau mutum 14 ke cin abinci a wurin, cikinsu har da wani yaro da na sani tun yana zaman banza a bakin titi, yanzu shi ke kula da injin sanyaya tankuna, kuma ya yi aure.

Makonni uku da suka wuce suka kira taron maƙwabta. Suna so su ninka tankunansu sau uku, su sayi injin ɗura gwangwani, su kama sito na biyu. Banki ya yi musu tsada, saboda haka suka ce duk mai so ya sayi hannun jari. Ɗakin ya cika, ana ta tafi, ana cewa wannan tamu ce. Na ji daɗin ganin haka, domin ban saba ganin mutane suna murnar ci gaban maƙwabcinsu ba tare da ƙyashi ba. Amma na zauna har aka kusa tashi ban ji mutum ɗaya ya tambayi wane irin hannun jari ba ne. Sai na ɗaga hannu na yi tambaya biyu. Wanda ya zuba kuɗinsa yana da ƙuri'a? In wata rana babban kamfani ya zo da tayin saye, wa zai ce e ko a'a, kuma wa za a fara biya? Ɗakin ya yi tsit. Bayan an fito wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kai da ba ka sha, me ya yi maka zafi?"

Ga abin da ya yi mini zafi. Ni ba zan sayi hannun jarin ba ko da kyauta ne, don ba na son ribar barasa ta shiga aljihuna. Amma a kujerar da ke gabana akwai wata malamar makaranta mai ritaya, mijinta ya rasu, ta ce mini za ta zuba rabin abin da ta tara, saboda ɗan ƙanwarta yana aiki a wurin. Saboda ita da irinta na shafe daren makonnin nan ina karanta abin da ya faru da masana'antu irin wannan a wuraren da suka riga mu ganin ƙarshen labarin. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wannan sana'a ta ƙananan masu dafawa ba ta daɗe da farfaɗowa ba. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a duk faɗin Amurka ba su kai 100 ba, manyan kamfanoni ƙalilan sun haɗiye sauran. A watan Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa a gidansa, kuma daga cikin masu dafawar gida aka samu waɗanda suka buɗe ƙananan masana'antu. Ken Grossman, wanda ya kafa Sierra Nevada a garin Chico na jihar Kalifoniya a 1980, da tsofaffin tankunan madara da ya tsinto daga wuraren tatsa ya haɗa tukwanensa na farko. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san irin tankunan. Bayan shekara arba'in adadin ya haura 9,000. A Birtaniya kuwa, a 2002, lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi, aka yafe wa mafiya ƙanƙanta rabin harajin da manya ke biya, sai su ma suka yawaita. Kusan kowace ɗaya a cikinsu da ƙarfin maƙwabta ta tashi, kamar tamu.

Matsalar tana zuwa ne ranar da abin ya yi kyau. Goose Island ta birnin Chicago, wadda aka kafa a 1988, mutanen birnin suna alfahari da ita a matsayin tasu. A 2011 aka sayar da ita ga Anheuser-Busch, kamfanin da ya fi kowa girma a harkar, a kan dala miliyan 38.8. Waɗanda suka yi shekara ashirin suna saye don su tsaya wa ɗan gida, a jarida suka karanta labarin. Ballast Point ta San Diego, wadda ta tashi daga bayan wani ɗan kantin kayan dafawar gida, babban kamfanin barasa Constellation Brands ya saye ta a 2015 a kan dala biliyan 1, kuma bayan shekara huɗu ya rabu da ita da asara mai yawa. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Anchor ta San Francisco. Tun 1896 take aiki. Ta kusa mutuwa a 1965, Fritz Maytag ya saye ta ya farfaɗo da ita, har ta zama makarantar da ƙananan masu dafawa da yawa suka koyi aiki daga gare ta. A 2017 kamfanin Sapporo na Japan ya saye ta, a 2023 ya sanar da rufe ta, bayan shekara 127. Ma'aikatan sun yi yunƙurin haɗa kuɗi su saye ta a matsayin ƙungiyar gama kai, amma hakan bai yiwu ba, a ƙarshe wani attajiri ne, Hamdi Ulukaya mai kamfanin Chobani, ya saye ta a 2024. Mutanen birnin sun yi layi a ƙofa suna sayen ragowar kaya don nuna ƙauna, amma ba ɗaya daga cikinsu da ke da ƙuri'a a ɗakin da aka yanke hukuncin.

Wani zai ce to ai shi ya sa ake sayar mana da hannun jari, don mu zama masu abin. Nan ne nake so malamar nan ta saurare ni da kyau. Hannun jari iri-iri ne. BrewDog ta Sikotland, wadda James Watt da Martin Dickie suka kafa a 2007, ita ta yi suna wajen tara kuɗi daga masu sayen kayanta. Tun daga 2009 ta riƙa sayar musu da ƙananan hannayen jari, har masu zubawa suka kai wajen mutum 200,000, kowa yana jin shi ɗan gida ne. A 2017 wani kamfanin zuba jari na Amurka, TSG, ya shigo da fam miliyan 213, ya karɓi sama da kashi 20 cikin 100. Amma nasa hannun jarin ba irin na sauran ba ne. An rubuta cewa in an zo sayarwa shi za a fara biya, da ribar da ke taruwa masa kowace shekara, sauran mutane sai abin da ya rage. Waɗanda suka fara zuba kuɗi tun ba a san sunan kamfanin ba su ne aka mayar bayan layi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ce samarin da ke bayan garkena suna da wannan niyya ba, na san ba su da ita. Amma takardar da suka raba a taron ba ta hana wani ya shigo gobe da irin wannan sharaɗi ba, na karanta ta sau uku.

Akwai kuma inda aka yi abin yadda ya kamata, don kada a ce sharri kawai na tsinto. A wani ƙauye mai suna Hesket Newmarket a arewacin Ingila, da masu ƙaramar masana'antar ƙauyen suka so yin ritaya a 1999, mutanen gari da masu sayen kayanta suka haɗu suka kafa ƙungiyar gama kai suka saye ta, don kada a kwashe ta zuwa wani wuri ko a rufe. Tsarin gama kai, tun daga masu sana'a 28 da suka kafa nasu a garin Rochdale na Ingila a 1844, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ne, ko jarinka babba ko ƙarami. Sai New Belgium ta jihar Kolorado, wadda ta koma mallakar ma'aikatanta gaba ɗaya. Ita ma an sayar da ita a 2019, ga wani reshen kamfanin Kirin na Japan. Amma sai da ma'aikatan suka kaɗa ƙuri'a, kuma fiye da 300 daga cikinsu kowanne ya samu sama da dala 100,000 a asusun ritayarsa. Na so a ce ba a sayar ba, amma aƙalla waɗanda suka yi gumin su suka yanke hukuncin, su kuma suka ɗauki kuɗin.

Ko ƙungiyar ƙananan masu dafawa ta Amurka sai da ta rubuta abin da take nufi da mai zaman kansa, ta ce idan babban kamfanin barasa ya mallaki kashi 25 cikin 100 ko fiye, to ka fita daga sahu. A 2017 har tambari ta fitar da ake bugawa a jikin kwalba, saboda masu saye sun daina gane wanne ne na ɗan gida, wanne ne babban kamfani sanye da rigar ɗan gida. In su da kansu sun ga buƙatar rubutawa, ban ga dalilin da maƙwabta za su ji kunyar neman a rubuta musu ba.

Zan faɗi abin da nake ganin shi ne ainihin abin da muke tallafa wa, domin ni dai ba abin da ke cikin kwalba ba ne. Shekara uku da suka wuce, da zafi ya tsananta, magudanar da ke bi ta gefen garkena ta fara wari, ƙudaje suka addabi maruƙa. Ruwan wanke tankuna ne, da ragowar yis da zaƙi a ciki. Sana'ar tana cin ruwa sosai, ƙaramar masana'anta takan kashe lita biyar zuwa bakwai kafin ta fitar da lita ɗaya, kuma mafi yawansa wanki ne da ke komawa magudana. Na taka da ƙafata na ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda ya buɗe shi ne mai wurin, da takalmin roba a ƙafarsa. Ya biyo ni ya duba, ya ba ni haƙuri, cikin kwana goma suka haƙa ramin da ruwan zai kwanta ya tace kafin ya fita. Ban rubuta takarda ba, ban nemi lauya ba. Wannan ƙofar da ake ƙwanƙwasawa mai ita ya buɗe, ita ce dukiyar unguwa. In tankuna sun ninka sau uku ruwan wanki ma zai ninka sau uku, motocin ɗaukar kaya za su ƙaru a titin da yara ke bi zuwa makaranta, kuma in makullin ya koma hannun wani ofishi a wata nahiya, wa zan ƙwanƙwasa wa?

Akwai wata magana da ba zan haɗiye ba don a ce ina goyon baya. Barasa tana kashe mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ce mutum miliyan 2.6 ke mutuwa a shekara sanadiyyarta. Ƙanƙantar masana'anta ko kyawun halin mai ita ba ya rage wannan ko kaɗan. Na yi wa wani abokin ƙuruciyata wanka da hannuna bayan hanta ta kashe shi, ban manta ba. Saboda haka duk unguwar da ta zauna a bayan mai neman lasisi tana da haƙƙin ta ce masa ba a sayar wa yara, ba a ƙara wa wanda ya riga ya bugu, ba a barin mai maye ya kama sitiyari, kuma akwai lokacin rufewa. Zuwa yanzu samarin nan suna kiyaye wannan, na shaida. Amma suna kiyayewa ne domin sun san fuskokinmu. Na kuma gaya musu su duba masu dafa wadda ba ta sa maye, kamar Athletic Brewing da aka kafa a jihar Connecticut a 2017, wadda ba ta yin komai sai irin wannan kuma ta girma har ta shiga sahun manyan ƙananan masana'antun ƙasar. In sabbin tankunan za su tafi wannan hanya, zan fi kowa farin ciki.

Abin da nake nema bai fi rabin shafi ba. A rubuta cewa duk wanda ya zuba kuɗi yana da ƙuri'a a kan sayar da masana'antar, kuma babu wani mai jari da zai shigo daga baya a sa shi gaban waɗanda suka riga shi ba tare da yardarsu ba. In masu wurin sun gaji ko sun samu tayi, a fara tallata wa ma'aikata da maƙwabta, a ba su wata shida su haɗa kuɗi, kada ya zama sai an rufe ƙofa sannan a fara neman taimako kamar yadda ya faru da ma'aikatan Anchor. Ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa karanta wa masu jari lissafin shekara a bainar jama'a, riba ce ko faɗuwa. Maganar ruwa da lokacin rufewa su ma su shiga takardar. Kuma a gaya wa kowa da baki, ba a ƙananan haruffan ƙasan shafi ba, cewa wannan kuɗi yana iya tafiya gaba ɗaya, kuma ko bai tafi ba, ba kasuwar da za ka kai takardar jarin ƙaramar masana'anta ka sayar ranar da asibiti ya nemi kuɗi. Na gaya wa malamar nan ta zuba abin da in ya ɓace ba za ta rasa barci ba, ta ajiye sauran. Ta ce za ta yi tunani.

Na san wasu suna ganin tambayoyina rashin yarda ne ga yaran. Ni kuwa na yarda da su fiye da yawancin masu tafin, don na gan su da ƙarfe biyar na asuba suna jan buhu ba wanda ke kallo. Amma mutum yana tsufa, yana gajiya, abokan kasuwanci suna saɓawa, bashi yana matsawa, magada suna zuwa da nasu ra'ayin. Takarda tana kare mai wurin ma, domin ranar da mai jakar kuɗi ya zauna a gabansa yana iya cewa ba ni kaɗai ke da ta cewa ba.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka sa wakilinka na shafin kasuwanci ya yi wa masu karatu bayani da Hausa mai sauƙi a kan bambancin hannun jari mai ƙuri'a da marar ƙuri'a, da wanda ake fara biya da wanda ke jiran ragowa, domin na lura ko masu ilimin da ke ɗakin ranar ba su san bambancin ba. An sa taro na biyu a ƙarshen wata. Na riga na rubuta sharuɗɗan nan da hannuna, jikata ta buga mini su a kwamfuta, kuma ranar Juma'a in na je da gangunana zan miƙa wa babban cikinsu kwafi ɗaya, don ya karanta a natse kafin mu haɗu a gaban jama'a.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani mai kiwon shanu, mai karanta jaridarku a kullum